Ciwon Ƙirjin da Baba Ya Ara

"Baba, ka ɗaga hannun sama! Don Allah ka ɗaga shi!"

Auta ce ke faɗin haka, ta damƙe tawul ɗin da ta naɗe hannun mahaifinta da shi. Fari ne tawul ɗin da safe. Yanzu rabinsa ya rine.

"Ke, kada ki cika min kunne," in ji Baba. "Tun ba a haife ki ba nake aikin katako. Yau zarto ya fara cizona?"

Bakinsa ne kawai ke da ƙarfi. Duk wanda ya san Baba ya san shi da fargaba. Mutum ne da idan Auta ta yi atishawa sau biyu sai ya taɓa goshinta, idan ta makara a shagon ɗinki kuma sai ya fito bakin titi ya tsaya yana leƙen hanya.

Ɗan Gwaggo ne ya kawo su a motarsa. Dillali kowa ke ce masa, don sayar da motoci yake yi, kuma ba wanda ya kai shi zaƙin baki. Ya tsayar da motar daidai bakin ƙofar sashen gaggawa, inda aka hana tsayawa, ya ce wa mai gadi, "Ka bar ta nan, ni ɗan gida ne."

Mai gadi ya ce, "Ɗan gida ma can baya yake ajiye tasa."

Auta ba ta tsaya sauraronsu ba, ta ja Baba suka shige.

Babban zaure ne mai bencina na ƙarfe, ga warin magani, ga talabijin a bango ba sauti. Kusa da ƙofa akwai tebur guda, nan ake fara duba duk wanda ya shigo. Da ta ga wanda ke zaune a teburin, sai ta ja ta tsaya.

Dogo ne.

Nas ne a asibitin. A shagonta suka fara haɗuwa, ranar da ya kawo wandon aikinsa a ƙara masa tsayi, ta ce masa ita tela ce, ba mai ɗinka tanti ba. Ya yi dariya har ya manta wandon, washegari ya dawo ɗauka, daga nan bai daina dawowa ba. Sau biyu yana neman izinin turo magabatansa, sau biyun Baba na cewa a dakata.

Ba ƙinsa Baba yake yi ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Mutumin da asibiti ya riga ya aura? Yau yana aikin safe, gobe na dare. Ranar da kika kwanta ciwo yana can yana jinyar 'ya'yan wasu."

Gwaggo kuwa kullum tana gefe tana ƙara gishiri, don ta daɗe tana yi wa ɗanta kwaɗayin Auta.

Dogo ya miƙe tsaye da sauri. "Baba! Subhanallahi, me ya faru? Zauna nan."

Ya sa safar hannu, ya warware tawul ɗin a hankali. Yankan ya ratsa tafin hannu ta gefen babban yatsa.

"Motsa yatsun, Baba. Yauwa. Kana jin taɓin nan? Nan fa?"

"Ina ji."

"Alhamdulillahi, da alama bai taɓa jijiya ba."

Ya ɗaure wurin da bandeji mai kauri har jinin ya tsaya. Ya naɗa masa abin awon jini a ɗaya hannun, ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ya tambayi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, da kuma yaushe rabonsa da allurar da ake yi wa wanda ƙarfe ya yanka.

"Wane magani yake sha kullum?" ya tambayi Auta, bai ɗago ba.

Ta miƙa masa leda. Duk kwalayen maganin hawan jinin Baba ta kwaso, don shi ya taɓa gaya mata kada a zo asibiti ba tare da su ba.

Ya ɗago ya kalle ta, ya yi ɗan murmushi. Nan take ta ji sanyi a ranta.

Sai ya ɗauko wata koriyar roba ya ɗaura wa Baba a wuyan hannu.

"Ɗinki za a yi maka, Baba. Kada ka ci komai, kada ka sha, sai likita ta gan ka. Ga benci can, za ka ɗan jira."

Baba ya dube shi. "In jira?"

"Eh, Baba. A nan ba layi ake bi ba. Wanda ya fi jin jiki shi ake fara shigarwa. Mai jar roba shi ne gaba, sai mai rawaya, sannan mai koriya."

"Wato ni ne na ƙarshe."

"Wato kai ne mai sauƙi, Baba."

Baba ya kau da kai. Ya tashi ya nufi benci.

Hantsi ya ɗaga suna zaune. Aka shigo da wani saurayi a gadon turawa, aka wuce da shi ciki. Wata mai ciki ta zo tana cije leɓe, ita ma aka wuce da ita. Har wani tsoho da ya shigo da ƙafarsa, bakinsa ya ɗan karkace gefe guda, Dogo na ganinsa ya kira a zo da keke, aka ruga da shi.

"Wannan da ƙafarsa ya zo fa," in ji Baba. "Kuma na riga shi."

Daidai nan Gwaggo ta iso, mayafi a hannu, tana haki.

"Innalillahi! Har yanzu kuna waje? Ba wancan zanƙalelen na kan tebur ba ne mai son 'yarka? To madalla! Tun bai samu ba ya shanya ka a benci, ina ga ya samu?"

"Gwaggo, aikin ne haka..." in ji Auta.

"Rufe min baki, mai miji!"

Baba ya juyo ya kalli 'yarsa. Ba faɗa a muryarsa, kuma hakan ya fi faɗa ciwo.

"Kin gani ko, Auta? Yau ni ya ajiye. Gobe ke ce."

Idonta ya cika da ƙwalla. Ta bari sai da mutane suka ragu a teburin, ta lallaɓa ta je, ta yi ƙasa da murya.

"Masoyi... ko don ni."

"Autata..."

"Ka san me ke tsakaninka da shi. Yau ce ranar da zai ga kirkinka. Ka shigar da shi kawai, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Dogo a hankali. "Idan na sa shi gaba, wani na mayar baya, kuma wanin bai da wadda za ta zo ta yi min magana da irin wannan muryar."

"Za ka rasa ni a kan benci fa!"

Ya dubi inda Baba ke zaune.

"Idona na kansa, zuciyata. Tun ɗazu nake kallon bandejin. Idan kika ga jini ya ɓullo, ko yatsun sun yi sanyi, ki kira ni ko ina tare da wa."

Ta juya ta koma benci.

Shi kuwa Dillali tun shigowarsa yake zagaye da waya a kunne. Ya kira wani da ya ce babban likita ne, ba a ɗauka ba. Ya kira wani da ya taɓa sayar wa mota, ashe ya bar asibitin tun bara. Da ya ga girmansa na neman zubewa a gaban Auta, sai ya zo ya tsuguna gaban Baba.

"Kawu, akwai dabara. Ka ce ƙirjinka ke ciwo."

"Ƙirjina ƙalau."

"Na sani. Ai kalmar ce mabuɗin wurin nan. Ka dafe nan, ka ce yana matse ka har kafaɗa. Wallahi ko rufe baki ba za ka yi ba za ka gan ka a gado. Kana ciki kuma sai su ɗinke hannun gaba ɗaya."

"Ka ji masu kai!" in ji Gwaggo. "Ɗa na gari ke nan."

"Baba, kada ka yi," in ji Auta. "Don Allah."

Wataƙila da ba ta roƙe shi ba da bai yi ba. Amma ya ga kamar wancan yaron take karewa. Ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya dafe ƙirji.

"Wash..."

"Jama'a, ƙirjinsa!" Gwaggo ta kurma ihu. "Ƙirjinsa!"

Auta ba ta taɓa ganin Dogo ya yi gudu ba sai ranar. Kujerarsa ta faɗi baya bai waiwaya ba. Ya ce wa abokiyar aikinsa ta riƙe teburin, ya durƙusa gaban Baba a kan siminti, yatsunsa a kan jijiyar hannunsa.

"Baba, kalle ni. Ina ne daidai? Tun yaushe?"

"Nan... har kafaɗa."

"Keke! A kawo keke!"

Da kansa ya ɗaga shi ya zaunar. Ya tsinke koriyar robar ya ɗaura ja. A bakin ƙofar ciki Gwaggo ta kutso kai, ya tare ta.

"Mutum ɗaya ake bari. Auta, taho."

Ɗakin ciki ba irin zauren ba ne. Gadaje ne a jere, labule tsakaninsu, na'urori na ƙara ƙit-ƙit. Gado ɗaya ne ya rage, can ƙarshe, nan aka kwantar da Baba. Dogo ya cire masa takalma, ya ɓalle masa maɓallan riga, ya shiga manna masa wayoyi a ƙirji.

Ya juyo gare ta.

"Ya taɓa yin irin wannan a gida? Ki tuna sosai, Auta. Ko sau ɗaya?"

Ta kalli Baba. Baba ya kalli silin.

Idan ta ce a'a, ƙarya ce ya yi, ta kunyata mahaifinta a gaban mutumin da take so ya zama surukinsa. Idan ta ce eh, ta yi wa Dogo ƙarya a kan aikinsa, ido cikin ido.

"Ka... ka tambaye shi," ta ce, hawaye suka zubo.

Dogo ya daɗe yana kallonta. Wani abu ya sauya a fuskarsa. Amma sai ya juya ya ci gaba da manna wayoyin, ya kira likita.

Likitar mace ce, gajera, mai saurin magana. Ta sa a ɗebi jini, ta duba takardar da na'urar zuciya ta fitar, ta ce, "Wannan dai ban ga matsala ba, amma jininka ya hau. Za mu sake aunawa. Kwanta, kada ka motsa."

Yanzu kam Baba ya tsorata da gaske. Wayoyi a ƙirji, allura a hannu, na'ura na ƙirga masa bugun zuciya a fili.

"Auta," ya ce da raɗa, "anya ba da gaske yake min ciwon ba?"

"Baba!"

"To ai na ji kamar..."

Bai ƙarasa ba aka banko ƙofa.

Wani mutum ne ya shigo ba takalmi, rigarsa a birkice, ɗauke da 'yar ƙaramar yarinya a kafaɗa. Yarinyar ba ta kuka. Numfashi take ja da ƙyar, yana fita da wani siririn sauti kamar usur.

"Ciwon asma ne! Maganin ya ƙi yi! Ku taimake ni!"

"Gado!" in ji likita.

"Babu," wata nas ta amsa. "Duk sun cika."

Aka jawo kujera, uban ya zauna da ita a cinya, Dogo ya janyo tukunyar iska ya sa mata robar shaƙar iskar a fuska. Wurin ya yi musu kaɗan, nas biyu na gogayya da juna, uban na ta cewa, "Mamana, ja numfashi. Ja, Mamana. Ga Abba nan."

Baba ya ɗago kai yana kallon ƙafafun mutumin. Tsakuwa ta yanke shi a dunduniya, bai ma sani ba.

Auta ta sunkuya daidai kunnen mahaifinta.

"Baba, ko ka faɗa, ko ni in faɗa."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun da aka haife ta. Ta jira tsawa.

Ba a yi tsawa ba. Baba ya riga ya fara tashi zaune.

"Likita! Ƙirjina ƙalau. Ƙarya na yi don a shigo da ni. Ku ba yarinyar gadon."

Likita ta dube shi ta saman tabarau.

"Za mu yi magana, Malam. Sauko. Amma tunda ka ambaci ƙirji, ba inda za ka sai sakamakon jinin ya fito."

Kafin Baba ya gama sauka an canza zanin gadon, an kwantar da yarinyar. Dogo bai kalle shi ba, bai kalli Auta ba. Yana can kan yarinyar.

Suka fito da ƙafarsu, Auta riƙe da takalman Baba. A zaure Gwaggo ta taso.

"Har an ɗinke? Ka ga amfanin..."

"Yaya, ki je gida," in ji Baba. "Ina ɗan naki?"

"Ya je gyara wa motar wuri."

"To ki ce ya gyara mata wuri har ƙofar gidansa."

Gwaggo ta kalli fuskar ƙaninta. Ta ja mayafinta ta fita.

Baba ya koma daidai inda ya tashi ya zauna. Azahar ta yi, ta wuce. Bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ita kuwa Auta zuciyarta na can ciki. Dogo ya fito sau biyu, ya duba bandejin, ya ce "Yana nan lafiya," ya koma. Ko sunanta bai kira ba.

Shi ke nan, ta ce a ranta. Da safe Baba ne ba ya so. Yanzu shi ma ya fasa.

Sai wajen la'asar aka kira su wani ɗan ƙaramin ɗaki. Aka yi wa hannun allurar kashe zafi, aka wanke, aka ɗinke, aka yi masa ɗaya allurar a kafaɗa. Likita ta ce sakamakon jini lafiya lau, ta ƙara da cewa, "Gobe idan ka zo da ciwon ƙirji na gaske, haka za mu sake gudu da kai. Amma kada ka ƙara sa mu gudun banza."

"Na tuba, 'yata," in ji Baba.

Suna fitowa suka tarar da Dogo a bakin ƙofa. Ya tashi daga aiki, jaka a kafaɗa, idonsa ya yi ja don gajiya.

Baba ya tsaya. "Yarinyar fa?"

"Ta samu sauƙi. Har ta ce a ba ta wayar babanta ta yi wasa."

"Alhamdulillahi." Baba ya sauke numfashi. "Ka san ƙarya nake yi?"

"Tun da Auta ta kasa amsa min."

"Amma ka ci gaba da manna min wayoyi."

"Baba, mai shekarunka, mai hawan jini, ya ce ƙirji? Ko da na tabbata wasa kake, ba zan yi caca da kai ba. Idan na yi kuskure, wa zan ce wa me?" Ya saci kallon Auta. "Da wane ido zan kalle ta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Sai yanzu numfashinta ya daidaita.

"Na ɗauka fushi kake da ni," ta ce can ƙasa.

"Na yi. Ya wuce tun ɗazu. Ai na ji abin da kika raɗa masa, kunnena ma dogo ne."

Baba ya yi gyaran murya, don su tuna yana wurin.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, yaro. Wannan 'yar ita ce ƙarshen abin da nake da shi. Idan na ba ka, ita ma jira za ta riƙa yi?"

Dogo ya dube shi ido cikin ido.

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba. Wata rana abinci zai huce ban dawo ba. Wata rana za a yi biki ta je ita kaɗai. Wannan ba zan iya gyara shi ba. Amma ranar da ta buƙace ni da gaske, ka ga irin gudun da nake yi."

"Na gani," in ji Baba. "Har kujerar mutane ka karya."

"Faɗuwa ta yi, Baba."

"Ƙafarta ta baya ta tsage. Ni kafinta ne, daga nesa na ji ƙarar."

Auta ta yi dariya cikin hawaye.

Suka taka zuwa bakin titi, Dogo ya tsayar musu da tasi, ya buɗe ƙofa, ya dafa kan Baba kada ya bugu. Baba ya zauna, ya ɗora naɗaɗɗen hannunsa a cinya yana juya shi.

"Wannan zaren, an ce sai an cire shi. Wa zai cire?"

"Kowane nas, Baba. Ko ƙaramin asibitin kusa da ku ka je, ba sai ka dawo nan ba."

"Ni ba na son kowane nas."

Dogo ya dube shi.

"Ka zo gida ka cire min da kanka," in ji Baba, yana kallon gaba kamar da direba yake magana. "Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ka taho da mahaifinka da baffanninka, su riƙe maka almakashi."

"Baba..." in ji Auta. "Baba!"

"Ke kuma shigo ki rufe ƙofa, kina tara mana jama'a."

Ta shiga. Motar ta tashi. Ta juya ta gilashin baya, ta hango Dogo tsaye a bakin titi, ya fi kowa tsayi, ya ɗora hannu biyu a ka yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu.

Baba bai juya ba. Ya laluba da lafiyayyen hannunsa ya kamo nata, ya riƙe gam har suka isa gida.